Hannun Gwaggo Matta

Jama'a, yau ba hirar anko za mu yi ba, duk da na ga kun cika min akwatin saƙo da tambayar kalar da ƙawayen amarya za su saka. Ruwan goro ne da fari, an wuce wurin. Yau abin da nake ta kewaye-kewaye a kansa tun da na fara ba ku labarina shi zan faɗa, don in na ci gaba da riƙe shi zai fasa min ƙirji. Da jan lalle a yatsuna nake buga muku wannan.

Ga waɗanda suka shigo yanzu, ni ce Liatu, malamar 'yan aji biyu a wata firamare a Funtua, asalinmu Gozaki. Wanda zan aura sunansa Ayodeji, Deji muke ce masa. Bayarabe ne, amma a Funtua aka yanke masa cibiya, Hausar bakinsa har ta fi tawa gishiri. Sana'arsa haɗa sola. A cocinmu na fara ganinsa a kan tsani yana ɗaure waya, ya ce in miƙo masa sukudireba, ni kuma don iyayi na miƙa masa filaya. Tun daga ranar sunana a wayarsa Madam Filaya, kuma ya rantse ko jikokinmu sai sun ji labarin.

To ga maganar. Akwai ƙullutu a nonona na hagu.

Farkon damina na ji shi, ina wanka. Can gefe yake ta wajen hammata, girmansa kamar ƙwayar gurjiya, da tauri, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Na tsaya da soso a hannu har ruwan bokiti ya huce. Da ma ciwo yake yi da na fi samun natsuwa, don na san abin da rashin ciwon yake iya nufi. Na sani ne kuwa saboda a gidanmu akwai Gwaggo Matta.

Gwaggo Matta yayar Babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A waje Farfesa ake ce mata, a Gozaki kuwa har gobe Matta ce, ɗiyar Tsohuwa mai daddawa. Ita ce mace ta farko a unguwarsu da ta tafi Zariya karatun likita. Tana shekarar ƙarshe mahaifiyarsu, kakata Tsohuwa, ta kwanta da ciwon nono, aka ɓoye mata wai kada a ɗaga mata hankali tana jarrabawa. Kafin ta dawo an yi wa nonon sakiya, an shafa duk wani ganye da wani ya ce ya taɓa jin labarinsa. Baba ya ce ranar da Gwaggo ta shiga ɗakin ta ɗaga zanen, ba ta yi kuka ba. Fitowa ta yi ta zauna a gindin rumbu har rana ta faɗi. Daga ranar ta ɗaura wa ciwon daji na nono ɗamara, kuma har yau ba ta kwance ba.

Ta tafi Turai ta ƙaro karatu, suka so riƙe ta da aiki ta ƙi. Ta dawo ta buɗe ɗakin bincike da firji ɗaya da wani janareta mai tari. Ni ba likita ba ce, amma na sha yin hutu a gidanta, na ji abin da take nanata wa ɗalibanta: wai ciwon ba iri ɗaya ba ne, wani yana jin wannan magani wani ba ya ji, don haka zalunci ne a ɗura wa mace ƙwaya ba a gwada naman an ga wane iri ne ba. Shekaru ta yi tana bin asibitoci tana roƙon a riƙa gwaji kafin magani, tana tara sakamako tana rubutawa, ana ce mata mai taurin kai, har aka gaji aka fara saurarenta. Yau ɗalibanta likitoci ne a garuruwa da yawa, wasu ma sun zama farfesoshi, amma in ta shigo wuri sai ku ga ƙato da furfurarsa ya miƙe yana gyara wuyan riga. In ta zo Funtua kuwa gidanmu cika yake da kaji da ƙwan zabi daga matan da suka bi ta hannunta. Akwai wata Hajiya a Malumfashi da ta sa wa 'yarta Matta, mijin ya yi ta faɗa bai hana ba.

Duk da wannan ɗaukaka, Gwaggo ba ta taɓa aure ba, dangi suna ƙus-ƙus wai littafi ta aura. Kuma tana da wani hali da muke wa dariya muna yara. Duk kaka sai Baba ya zaɓi auduga mafi fari a gonarsa, ya gurje ta da hannunsa, ya ƙulle a leda ya aika mata Zariya. Mu dai mun ɗauka Farfesa guda ba ta iya barci sai a kan matashin ƙauye.

Sai kuma hannunta. Yatsu dogaye, farce a yanke tas, kullum a sanyaye ko da bazara. Matan da ta duba suna cewa hannun Farfesa ido gare shi. Da ina alfahari da wannan magana. Tun farkon damina kuwa babu abin da nake tsoro a duniya irin hannun nan.

Bari in koma baya kaɗan ku gane inda gizo yake saƙa. Ba Tsohuwa kaɗai ciwon ya ɗauka a gidanmu ba. Autarsu Baba, wadda muke kira Gwaggo Ƙarama, ita ma shi ya tafi da ita ina 'yar firamare, ta bar yaro yana rarrafe. To da Deji ya kai maganata gida, mahaifiyarsa, Iya Omowunmi, mai shagon leshi da atamfa a babbar kasuwa, ta yi abin da kowace uwa take yi, ta aika Gozaki aka yi bincike. Ba zan manta ranar da ta zo gidanmu ba. Ta ɗaura gwaggwaro ya kusa taɓa ƙofa, ta zauna a kujerar Baba, Mama ta ajiye mata zoɓo mai sanyi ko kallonsa ba ta yi ba. Ni ina bayan labule.

“Maman Liatu, ni ba na ɓoye-ɓoye,” in ji Iya. “An ce gidan mutunci ne, ba sata, ba hauka. Yarinya kuma ina son ta, Allah ya sani. Amma an ce mata biyu daji ya ci a gidan. Deji shi kaɗai gare ni.”

Mama ko gezau. Ta ce, “Haba Iya, ciwon nono ai a nono ake shan shi. Tsohuwa da ɗiyarta nono ɗaya ne. Liatu nawa ta sha, ni ko 'yar Dayi ce. Ki aika can ma a tambaya, kaf danginmu ba wadda ko maruru ya taɓa fito mata a wurin.”

Iya ta juya zoben hannunta. Can sai ta miƙa hannu ta ɗauki zoɓon ta sha. A kan wannan magana aka sa ranar aurena.

Mama ba ƙarya ta yi da gangan ba, haka ta taso ta ji ana faɗa, haka rabin matan unguwarmu suka yarda. Amma ni a bayan labule na san ba haka ba ne. Da kunnena na ji Gwaggo a rediyo tana cewa ba a nono ake shan sa ba, kuma inda yake bin jini ana iya gadonsa ta wajen uba kamar yadda ake gadon tsawo ko hanci. Ni kuwa hancin Baba ne zaune a fuskata, kowa ya gan ni ya gan shi. Na yi shiru, don a lokacin ba abin da ya fito min, na ce me ya yi zafi.

Da ƙullutun ya fito na daɗe ina fama ni kaɗai. Ina koya wa yara ƙidaya hannuna yana kaiwa wurin ba da sanina ba. Na je gwajin rigar amarya, tela ta zagaya min tef a ƙirji, na ɗauke numfashi har sai da ta ce, “Amarya, saki jikinki mana, ba yanka ki zan yi ba.” Daga ƙarshe na samu Mama a kicin tana tuƙa tuwo, na kama hannunta na ɗora a wurin. Ta fizge kamar ta taɓa garwashi.

“Ba komi ba ne,” ta ce. “Irin na 'yan mata ne, yana zuwa yana wucewa. Ki shafa man zafi.”

“Mama, in da Gwaggo za ta duba…”

“Kul! Kada ki kuskura. Yaya Matta ba ta san a rufa ba, in ta ji sai ta tara maki duniya. An sa rana, an raba kati, zumuntar mata sun ɗinka anko. Kin ji abin da Iya ta ce da bakinta. A ɗaura tukun, in ya so ni da kaina zan kai ki Zariya.”

Ta juya min baya ta ci gaba da tuƙi, muciya tana buga tukunya da ƙarfin da bai kamata ba. Na ga tana goge ido da gefen ɗankwali, ta ce hayaƙi ne. A kan gas take girkin. Don Allah kada ku zagar min uwa a sharhi, tsoro ne yake cin ta kamar yadda yake ci na.

Shi kuwa bawan Allah Deji yana can yana fentin ɗakinmu, yana turo min hotuna.

“Madam Filaya, shuɗi ko ruwan madara? Ki zaɓa kafin in zaɓa miki kalar motar haya.”

“Ruwan madara.”

“Na haɗa miki fanka ta sola a kicin. Matata ba za ta yi gumi a kan tuwo ba.”

“Na gode.”

“Na gode kawai? Wa ya taɓa min ke? Ko an fasa ne ban sani ba?”

Na tura masa fuskar dariya. Sai ya ƙara da cewa, “Iya ta ce tagwaye ake haifa a danginmu, ki fara cin abinci da kyau.” Na kalli saƙon nan har hasken wayar ya mutu. Sau nawa na rubuta “Deji, akwai maganar da zan gaya maka,” in goge, Allah kaɗai ya sani. Ina son yaron nan, jama'a. Ina son sa har ina jin kunyar kaina. Tsoron mutuwa daban, tsoron ranar da zai kalle ni ya sunkuyar da kai daban, kuma wallahi ban san wanne ya fi girma ba.

Duk da haka da na iya lallaɓawa har a ɗaura, ba don al'adar gidanmu ba. A gidanmu, ko da mun zama masu bi tun zamanin kakanni, ba a bar sa lalle ba. Amarya a Gozaki take shiga lalle, a tsohon gida. Kuma ba kowa ke taɓa jikinta ba sai babbar gwaggonta ta wajen uba. Ita za ta shiga da ita ɗaki ta rufe ƙofa, ta tuɓe ta, ta murje ta da lalle da dilka tun daga wuya har ƙafa, sannan ta yi mata wanka. Babbar gwaggona kuwa ita ce matar da ta shafe rayuwarta tana laluben irin abin da nake ɓoyewa.

Mama ta yi iya yinta. Ta ce wa Baba Farfesa aiki ya yi mata yawa, a bar ƙanwar ita Mama ta Dayi ta yi. Baba, wanda magana ba ta dame shi ba, ya ɗago daga rediyonsa ya ce, “Yayata na raye?” Bai ƙara ba. Sai ga kiran Gwaggo a wayata.

“Liatu, an gayyace ni taro a ƙasar waje satin bikinki. Na ce su nemi wani. Ɗiyar ƙanena Rabe mace guda nawa ce? Ni zan sa ki lalle.”

Na ce, “To Gwaggo, Allah ya kawo ki lafiya.”

Ranar sa lalle da hantsi muka isa Gozaki. Auduga ta fashe fari fat a gonaki, masara jibge a ƙofar gidaje, gari sai ƙamshin sabon hatsi. Tsakar gida cike da mata, 'yan zumunta sun kafa tukwane, masu guɗa suna gwada murya. Aka sa min tsohuwar atamfa, aka lulluɓe ni da mayafin Mama mai ruwan ƙasa. Mai ƙunshi ta zaunar da ni ta yi min hannu da ƙafa, ta naɗe su da leda ta ɗaure da tsumma har wuyan hannu. Na zama kamar jaririya, ko ƙuda ya sauka min a hanci sai dai in hura masa iska. Ƙawayena suna ta ɗaukar hoto suna cewa amarya ta fara kukan rabuwa da wuri. Na bar su a haka.

Bayan azahar ƙaramar motar Gwaggo ta tsaya a ƙofar gida. Ta shigo da atamfarta mara ado, tabarau rataye da igiya a wuya, takalmi shimfiɗaɗɗe irin na masu yawan tsayuwa. Gida ya ɗauki guɗa. Ta rungume ni, na yi dabara na ba ta gefen dama.

Mama ta matso tana murmushin da bai kai ido ba. “Yaya, kin sha hanya. Ki ɗan shafa mata a goshi don al'ada, sauran mu ƙarasa.”

Gwaggo ta kalle ta ta saman tabarau. “Da Tsohuwa na nan za ta yarda a yi wa jikarta rabin aiki? Ku kawo ƙwarya.”

Ɗakin Tsohuwa aka kai mu. An kife turmi a tsakiya, ga ƙwaryar lalle kwaɓaɓɓe, ga dilka, ga ruwan zafi a baho yana tururi, turaren wuta a kasko. Wata ƙawata ta ajiye min wayata a kan taga ta fita. Gwaggo ta tura ƙofa ta sa sakata.

Ta zaunar da ni a kan turmin, ta kwance min zani da kanta tunda ni ba hannu. Ta fara daga wuya. Hannun da sanyi kamar yadda na san shi. Tana murzawa tana 'yar waƙar coci a hanci, tana tsokanata.

“Wannan Bayaraben naki, an ce ya fi ki iya tuwon dawa. Gaskiya ne?”

“Gaskiya ne, Gwaggo.”

“To kin ji kunya. Ɗaga hannu.”

Ta yi baya, ta yi kafaɗa, ta yi hannun dama da gefen dama. Na roƙi Allah ya sa lallen ya yi kauri, ya sa ta gaji, ya sa wani ya buga ƙofa. Ba wanda ya buga. Ta zagayo hagu, ta bi ta hammata ta gangaro, sai waƙar ta tsaya.

Hannun ma ya tsaya. Daga nan na ji ya sauya. Ba murza take yi ba kuma, yatsu uku ta shimfiɗa tana dannawa a hankali, tana zagayawa, ta koma hammata ta dawo. Gwaggona ta fita daga ɗakin, Farfesa ce ta rage. A waje mata suna ta guɗa.

“Tun yaushe?” Muryarta ƙasa-ƙasa.

“Farkon damina.”

“Ya ƙara girma?”

“Ban sani ba. Kamar… kaɗan.”

“Wa ya sani?”

Na kalli ƙofa.

“Uwarki,” ta ce. “Shi ya sa goshi kaɗai take so in shafa.”

Sai kuka ya ƙwace min. Ba hannun share hawaye, suna gangarowa suna haɗuwa da lalle. “Gwaggo, don girman Allah ki rufa min asiri. A ɗaura tukun. Ana ɗaurawa zan biyo ki, na rantse. In Iya ta ji an fasa, kin san abin da aka gaya mata.”

Na zaci za ta yi faɗa, don Gwaggo in ta hau ɗalibi har masu shara sai sun ɓuya. Ba ta yi ba. Ta je bakin baho ta wanke hannunta, ta goge a zaninta, ta dawo gabana ta tsaya. Ta ɗaga rigarta, ta sa hannu cikin rigar nono ta ɓangaren hagu, ta zaro wani ɗan curi ɗinke da farin yadi ta ɗora min a cinya. Ba nauyi ko kaɗan. Inda ta cire shi kuwa ba komai, sai fata shafe da dogon tabo da ya daɗe da warkewa.

“Audugar gonar ubanki ce,” ta ce. “Na Turawan zafi gare shi, ƙaiƙayi yake sa ni. Rabe kaɗai ya sani a gidan nan.”

Matashin ƙauyen da muke wa dariya ke nan.

“Kafin a haife ki aka cire. Na ji shi yana ƙarami kamar naki, na kai kaina da ƙafata. Ga ni, har na tsufa ina damun mutane.” Ta mayar da curin ta gyara riga. “Na tsaya gaban mata ba adadi na ce su buɗe baki, ni ban buɗe nawa a gidan ubana ba. Da na buɗe, wataƙila da Ƙarama ta zo wurina. Ta ji nata ana saura kaɗan bikinta. Kin san me ta ce wa kanta? A ɗaura tukun. Aka ɗaura, sai ciki, ta ce ta haihu tukun. Ta haihu, ta ce ta yaye tukun. Ranar da aka kawo min ita, ilimina duka bai fi ruwan bahon nan amfani ba.”

Akwai tambayar da take cina, na san rashin kunya ce, amma na yi ta. “Gwaggo, lokacin… akwai wanda za ki aura?”

“Akwai.”

“Kin gaya mashi?”

“Na gaya mashi.”

“Sai me ya ce?”

Ta yi 'yar dariya. “Ya ce zai je ya yi shawara. Yana Kaduna yanzu da jikokinsa, ina jin har yau shawarar yake yi.” Ta dafa kaina da hannun nan mai sanyi. “Ba zan yi maki ƙarya ba, Liatu, ban san irin naki ba. Wasu mazan suna tsayawa, na gani da idona a asibiti. Wasu ba sa tsayawa. Kuma ki ji da kyau, ban ce shi ne ba. A shekarunki mafi yawansu ba shi ba ne. Amma ban taɓa ce wa mace ba komai da hannu kaɗai ba, ba kuma zan fara a kan jinin Tsohuwa ba. Gobe da safe za mu Zariya. A yi hoto, a sa allura a ɗebi ɗan kaɗan a duba.”

“Gobe dangin Deji za su zo ganin amarya a lalle. Iya da kanta za ta zo. In suka tarar ba na nan…”

“To za su tarar ba ki nan. Ni ba zan gaya wa kowa dalili ba, ba aikina ba ne. Bakinki ne.”

Kamar jira ake, wayata ta fara kuka a kan taga. Waƙar da na sa wa mutum ɗaya ce tak. Gwaggo ta leƙa ta karanta, ta juyo.

“Mai Sukudireba,” ta ce. “Shi ne?”

Na gyaɗa kai.

“In ɗauka ko in bari?”

Na kalli hannuwana a naɗe cikin leda. Yau ba rubutawa, ba gogewa, ba fuskar dariya. Wayar ta katse. Na ji wani sanyi a raina na daƙiƙa kaɗan, sai wayar ta sake kuka. Na kalli ƙirjin Gwaggo, ɓangaren hagu, inda ya zauna daidai kamar na kowa.

“Ɗauka,” na ce.

Ta danna, ta kara min a kunne. Hannunta yana warin lalle.

“Madam Filaya! An ce yau an mai da ke jan goro. Turo hoto mana, ko na ɗan yatsa ne.”

“Deji, kana ina?”

“Ina shagon Iya, muna ɗaure kayan da za a kawo maku gobe. Kin ga wani leshi da ta ɓoye maki, ko ni ba ta bari na taɓa ba. Me ya samu muryarki?”

“Fita waje.”

Na ji ya tashi, na ji hayaniyar kasuwa ta ƙaru, ƙahon a-daidaita, wani yana tallan rake. Na rufe ido na faɗa a jere kafin ƙarfin halina ya ƙare. Na ce akwai ƙullutu a nonona tun farkon damina. Na ce Gwaggo ta ji shi yanzu, gobe za ta kai ni Zariya a duba, ba a san ko mene ne ba tukuna. Na ce maganar da Mama ta gaya wa Iya, ta shan nono, ba haka ba ne, kuma na san ba haka ba ne tun ranar. Na ce ka yafe min.

Mai rake ya wuce, wani mai babur ya wuce. Ina jin numfashinsa. Na fara shirya kunnena don jin kalmar shawara.

“Tun farkon damina,” ya ce. “Ina ta aiko maki hoton fenti.”

“Deji…”

“Ku biyo ta Funtua. Zan tsaya a bakin titi. Kin ji ni? Kada ku wuce ba ni.”

Sai na ji wata murya kusa da shi, kusa sosai, muryar da ba ta yi kama da ta wadda ta fito yanzu ba.

“Ayodeji. Wa za a kai Zariya?”

Iya ba ta kiran cikakken sunansa sai magana ta kai magana. Na ji ya ce, “Iya, bari in…” ta katse shi.

“Ba ni wayar nan.”

Na ji ƙarar awarwaronta, na ji wayar ta sauya hannu. A tsakar gida mata suka sake rangaɗa guɗa, wata tana buga ƙofa tana tambaya ko amarya ta yi kyau. Na ɗaga ido na kalli Gwaggo Matta. Ba ta janye wayar daga kunnena ba.